Kwalli da Fuskar da Fitila Ta Cinye

Wata biyu ke nan da rasuwar Kwalli, amma har yanzu idan na buɗe shago da safe sai na ƙwanƙwasa bangon da ke tsakaninmu sau biyu, in tsaya ina jiran ya rama. Shekara goma sha tara muna haka. Ni tela ne, shi mai hoto, bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon bai da kaurin da zai hana ni jin tarinsa ko ya hana shi jin ƙarar kekena.

Ba kwalli yake sawa ba. Zaman gaban kwamfuta ne ya zana masa baƙi a ƙasan ido. Wata tsohuwa ce da ta zo hoton fasfo ta tambaye shi inda yake sayen kwallinsa, ta ce nata ba ya kai yamma. Daga ranar sunan ya bi shi, har 'ya'yansa mata uku idan suna son tsokanarsa haka suke kiransa, shi kuwa ya ce Allah ya isa tsakaninsa da tsohuwar.

Ya fara sana'a yana wanke fim a ɗaki mai duhu a wajen wani ubangidansa. Da fim ya mutu, abokan aikinsa suka watse, shi kuma ya sayi tsohuwar kwamfuta ya koya wa kansa gyaran hoto, ba malami, sai taurin kai. Tafin hannunsa mai gumi ne, don haka kullum da ƙyalle yake riƙe linzamin kwamfutar, kuma ni nake yanko masa ƙyallen daga ragowar yadi. Masu hoto suna da yawa, amma idan hoton dare ya lalace wurinsa ake kawowa: goshin ango yana ƙyalli kamar madubi, fitilar titi ta fashe a kan taro, tabarau ya zama farare biyu babu ido a ciki. Mutum ya kawo yana ɓacin rai, ya dawo bayan kwana biyu ya karɓa yana cewa, "Kwalli ya goge hasken."

Ni kaɗai na san ba gogewa yake yi ba, don ya taɓa nuna mini.

"Haske iri biyu ne, Tela," ya ce. "Akwai wanda yake kwanciya a kan mutum kamar hayaƙi. Wannan idan na rage shi a hankali, mutumin yana nan a ƙasa. Akwai kuma wanda ya ƙone wurin fari fat. Wannan babu komai a ƙarƙashinsa. Kamar dutsen guga ya ci maka riga ne, wanki ba ya dawo da ita."

"Sai faci," na ce.

"Sai faci. Ni ma tela ne, ban da keke kawai."

Yakan ɗebo fata daga kuncin da ya tsira ya shimfiɗa a wanda ya ƙone. Yakan kwafi idon dama ya juya shi ya zama na hagu. Idan duka biyun sun tafi, sai ya ce wa mai hoton ya kawo wasu hotunan iyali don ya daidaita launi, ya aro daga can. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ni. Na ce masa wannan ai kusan ƙarya ce, ya ce wa ya taɓa kai riga wajen tela ya ce a nuna masa inda aka ɓoye ɗinki?

A ɗaya gefen shagona akwai Mai Katifa. Mutum ne mai yawan kaya da ƙarancin wuri, kullum soso a jibge har bakin ƙofata, ni kuwa da dutsen guga na gawayi nake aiki idan an ɗauke wuta. Mun sha yin cacar baki. Wata ranar Litinin na fito na tarar ya jingina katifu shida a jikin tagata, raina ya ɓaci, na faɗi maganar da har gobe nake nadamarta, a gaban mutane: "Wata rana sai soson nan ya ci wuta mu huta."

Daren Laraba shagonsa ya kama da wuta. Ba wanda ya ji rauni, amma ko matashin kai ɗaya ba a fitar ba. Duk 'yan layin mun fito da bokitai, har da ni da labari ya iske ni a gida, har da Kwalli.

Washegari mai kemis, wanda shagonsa ke bin na Mai Katifa, ya tuna cewa wajen ƙarfe takwas da rabi ya tsallaka titi ya ɗauki hoton sabon allon shagonsa da waya, don ya ga yadda fitilunsa ke haskawa. A gefen hoton ƙofar Mai Katifa ta fito, a rufe, da mutum tsaye a gabanta. Wani babur ne ya dallo fitila daidai lokacin, hasken ya daki ƙofar ƙarfen ya fashe a kan mutumin, daga wuya zuwa sama sai farin dunƙule. Jikin kuwa ana gani sarai: riga mai aljihu biyu masu murfi, da farin zare a bakin aljihun. Ɗinkina ne. Irinta nake sawa kusan kullum. Na ɗinka wa mutane da yawa irinta, amma ni ne na yi maganar wuta, kuma a wannan lokacin ban da shaida. A ranar na rufe shago da wuri na bi doguwar hanya a ƙafa ni kaɗai zuwa gida. Ba ni ba ne. Na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yanzu.

Shugaban ƙungiyar masu shagunan layin, wani dattijo mai sayar da fenti, ya yanke magana a gabana. Za a kai hoton wajen Kwalli ya goge hasken. Idan fuskata ta fito, zan bar shagon, mai gini ya riga ya amince, sauran kuma sai a gaban hukuma. Idan wani ne, Mai Katifa zai ba ni haƙuri a gaban kowa.

Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da Kwalli ya buɗe hoton. Na san shi, minti ɗaya ya ishe shi ya gane irin hasken. Ya duba, ya goge hannu a ƙyalle, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ku ba ni kwana uku, Baba." Bai kalle ni ba.

Ya kulle ƙofarsa daga ciki, abin da bai taɓa yi da rana ba. Da safe na ƙwanƙwasa bango, shiru. Ina zaune a kan keke, allura tana tafiya, zuciyata tana tata tafiyar. Me zai yi da kwana uku? Idan babu komai a ƙarƙashin hasken, me ya hana shi faɗa nan take? Idan kuma akwai, wa ya gani? Sai na tuna shi ma na ɗinka masa irin rigar nan. Tsawonmu ɗaya. Na kuma tuna yadda Mai Katifa ya taɓa jona wata waya da ta sa wuta ta yi tsalle ta kashe masa kwamfuta da aikin mutane a ciki, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Ina jin kunyar abin da na yi daga nan, amma zan faɗa. Da rana na tafi gidansa na yi sallama, matarsa ta leƙo.

"Yaya Tela, lafiya da tsakar rana? Ai abokin naka yana shago."

"Na sani. Rigar nan tasa mai aljihu biyu na zo karɓa, na ga maɓallinta yana lilo."

"Yau kuma tela ne ke bin riga har gida? Mu da muke kai ɗinki ya yi wata uku." Ta yi dariya. "Tana cikin ruwa, na jiƙa ta. Warin hayaƙi take yi, ita ya saka ranar gobarar."

Na koma shago. Duk wanda ya ɗauki bokiti a daren nan rigarsa tana warin hayaƙi, tawa ma haka. Na san wannan. Amma zuciya idan ta kama hanyar zargi ba ta tsayawa ta yi lissafi.

A rana ta biyu da yamma na ga Mai Katifa ya ƙwanƙwasa ƙofar Kwalli, aka buɗe masa, aka mayar aka rufe. Na tsayar da keke na manna kunne a bango. Ba na jin kalmomi, sai muryar Mai Katifa ƙasa-ƙasa tana ta zuba, ta Kwalli tana shigowa jefi-jefi. Sun kai rabin awa. Da Mai Katifa ya fito har ya ɗaga mini hannu, mutumin da tun gobarar bai dube ni ba. Sai zargina ya juya. Na san abin da hannun Kwalli zai iya, kuma hotunana sun fi ashirin a kwamfutarsa. Da safe ina zarginsa da kunna wuta, da yamma ina zarginsa da shirin liƙa fuskata don ya tsira da tasa. Mutumin da ya riƙe ni ranar da mahaifiyata ta rasu.

Rana ta uku da safe Kwalli ya leƙo shagona ya ce, "Mai almakashi, zo."

Ɗakin yana nan yadda na san shi, baƙin labule a taga, fanka tana kaɗa takardu. Idanunsa sun ƙara zurmawa. Ya zaunar da ni a kujerar masu fasfo, ya buɗe hoton, ya ja wani ɗan maɓalli a gefen allon a hankali. Hoton ya yi ta duhu, allon kemis ya dushe, titi ya ɓace, rigar ta nutse. Farin dunƙulen nan kuwa ya koma toka-toka, sumul kamar bayan faranti, babu hanci, babu ido, babu ko layi ɗaya.

"Ka gani? Babu kowa."

"Tun ranar farko ka sani."

"Tun minti na farko."

"To kwana ukun na mene ne?"

"Ina neman abin da zai wanke ka. Takalmi, agogo, tsawon inuwa, yadda ya tsaya. Na faɗaɗa hoton har ya zama ƙwayoyi. Ban samu ba. Ban kuma sami abin da zai kama ka ba." Ya juyo da kujera. "Yaya maɓallin rigar tawa? An ce har gida ka bi shi."

Na sunkuyar da kai.

"Ba komai," ya ce. "Ni ma na auna kafaɗar mutumin da taka a hotuna huɗu. Mun yi canjaras."

"Mai Katifa fa, me ya zo yi?"

"Ya zo taimaka mini. Ya ce in duba da kyau, shi idan ya ƙanƙance ido yana ganin kamar dogon hanci a cikin hasken. Na ce masa duk layin nan Tela kaɗai ne mai dogon hanci, kuma wannan ba laifinsa ba ne, gado ne."

Ban yi dariya ba. Na matso kusa na ce, "Kwalli, ka rufa mini asiri. Ka sa wata fuska. Baƙo, wanda ba wanda ya sani. A ce ɗan wani gari ne, magana ta mutu."

"Baƙon ba shi da uwa? Duk fuskar da na sa, ta wani ce. Wata rana ya zo wucewa ta layin nan a tare shi."

"To ka ce musu babu komai."

"Wa zai yarda? Shekara nawa ina barinsu suna cewa Kwalli yana goge kowane haske? Yau da abin ya zo kan abokina sai in ce wannan ya fi ƙarfina? Za su ce na gani na ɓoye, kai kuma ka tattara kekenka." Ya goge hannu a ƙyallen, ya daɗe yana gogewa. "Sai dai in nuna musu ɗinkin."

Ban gane nufinsa ba sai da yamma, da mutum kusan ashirin suka cika shagon, wasu a bakin ƙofa suna leƙe ta kan kafaɗar wasu. Shugaba a kujera, Mai Katifa a tsaye ya harɗe hannu, ni a jikin bango.

"Ka goge?" in ji Shugaba.

"Ga shi, Baba."

Ya danna. Hasken ya tafi, ga mutum tsaye a ƙofar Mai Katifa, da rigar mai aljihu biyu, da furfura, da tabon da ke gefen gira. Shugaba ne da kansa.  Dattijon ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya ja baya.

"Yaro, ni a daren nan ina gida ƙafata a ruwan zafi."

"Yi haƙuri, Baba, na yi kuskure. Ga na gaskiyar."

Ya sake dannawa, sai ga Mai Katifa a ƙofar shagonsa. Wani daga baya ya ce, "Af, ashe mai kaya ne," aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Mai Katifa ya buɗe baki, kafin ya yi magana Kwalli ya danna na uku, ga shi shi kansa, da baƙin ƙasan idonsa da komai. Sannan ya cire duka, ya duhunta hoton a gabansu har farantin nan mai launin toka ya fito, ya yi musu bayanin da ya taɓa yi mini, na haske iri biyu. Ya ce wayar ba ta ɗauki fuskar ba, kuma abin da ba a ɗauka ba babu mai fito da shi. Duk fuskar da suka ga ta fito daga irin wannan farin, a wajensa ko a wajen wani, mai gyaran ne ya sa ta.

Mai kemis ne ya fara gane abin da hakan ke nufi. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Dakata, Kwalli. Hoton mahaifina da na kawo maka bayan rasuwarsa, wanda fitila ta haske masa tabarau. Shi kaɗai ne muke da shi."

"Na tuna."

"Wane iri ne a cikin biyun?"

Kwalli ya ce, "Na biyun."

"To idon wa nake kallo a bangon ɗakina shekara shida?"

"Naka ne. Daga hoton fasfonka na ɗauka, na ƙara masa shekaru."

Mai kemis ya matso gaba. Ya karɓi wayarsa daga kan tebur ya fita, mutane suka buɗe masa hanya.

Shugaba ya ce tunda babu fuska babu hukunci, Tela ya ci gaba da zama a shagonsa, ba kuma wanda zai ba wani haƙuri. Shago ya tsira mini. Amma kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa. Mata suka riƙa zuwa da hotunan aurensu a cikin gilashi suna tambayar wane kunci ne nasu. Wani ya zo da faɗa, wai ashe goshin surukinsa yake ɗauke da shi a falo. Kwalli yakan buɗe ainihin hoton ya nuna wa kowa, don bai taɓa share na asali ba, ya ce ga yadda ka kawo, ga yadda ka karɓa, zaɓi. Yawanci na gyaran suke komawa da shi, amma ba sa sake kawo wani. Masu hoton da ke turo masa aiki suka koma wajen waɗanda ba su tona kansu ba. Ya koma hoton fasfo da kwafin takardu. Mai kemis ya ci gaba da sayar masa da magani, yana miƙa masa ba tare da ya ɗago kai ba.

Na ce masa ni na jawo masa. Ya ce in daina ɗaukar kaina da muhimmanci, dama idonsa ya gaji, kuma masu fasfo ba sa tambayar kuncin wa aka ba su.

Shekara huɗu ya yi bayan nan. Ciwon ƙoda ne, ya fara da kumburin ƙafa, ya ƙi zuwa asibiti sai da babbar 'yarsa ta zauna a ƙofar shagon ta ce ba mai shiga. A makonsa na ƙarshe ina zaune a gefen gadonsa ina yanke masa farce, matarsa ta fita karɓo magani, na yi tambayar da na daɗe ina haɗiyewa.

"Kwalli, ka yarda ba ni ba ne?"

Idonsa na kan silin. "Ban gani ba, Tela. Abin da ban gani ba ba na rantsuwa a kansa." Ya juyo da kai da ƙyar. "Amma tun daga lokacin, idan zan yi tafiya, wa nake bar wa makullin shago?"

"Ni."

"To ka yi hankali da ɗan yatsan nan, nama kake yanka."

A zaman gaisuwa, rana ta biyu, Mai Katifa ya zo. Ya sake gina shagonsa tuntuni, muna gaisawa sama-sama, bai ƙara kawo mini ɗinki ba, haka ma wasu mutum uku ko huɗu a layin. Ya yi addu'a, ya yi wa ƙannen mamacin gaisuwa, da zai tafi ya yafito ni gefe, bayan motocin da aka ajiye.

"Tela, yanzu dai mai gani ya tafi. Tsakaninka da Allah, kafin ya cika bai faɗa maka wanda ya gani ba?"

"Bai ga kowa ba. A gabanka ya nuna."

"Ya nuna abin da ya ga dama. Mutumin da ya iya sa fuska uku ai ya iya cire ɗaya." Ya dube ni daga sama har ƙasa, a hankali, ba da faɗa ba. "Ko da yake, ko ya faɗa maka, kai ne mutum na ƙarshe da zai gaya mini."

Ya miƙo hannu muka yi musabaha. Na koma kan tabarma na zauna kusa da ƙanin Kwalli, ana ta shigowa, ina ta amsa gaisuwa tare da dangi.